Wanda Ya Gani Ya Yi Shiru

Ƙannena masu burin sa kakin hafsa, ko a NDA ta Kaduna ko a wani wurin, ku zo mu leƙa makarantar horar da hafsoshin Amurka ta West Point, wadda aka kafa a 1802 a gaɓar kogin Hudson. Dokar mutuncin ɗalibanta ba ta wuce numfashi ɗaya ba: ɗalibi ba ya ƙarya, ba ya maguɗi, ba ya sata, kuma ba ya kawar da kai idan ya ga wani yana yi. Ukun farko tun muna yara aka dasa mana su a gida da makarantar allo. Na huɗun ne mai ɗaci, kuma a kansa nake so mu yi magana.

Abin lura shi ne, ba malamai kaɗai ke gadin dokar nan ba. A 1922, zamanin da Douglas MacArthur ke shugabantar makarantar, aka kafa kwamitin mutunci na ɗalibai a hukumance. Ɗalibai ne ke zama su saurari ƙarar ɗan uwansu, su duba hujja, su ce ya yi ko bai yi ba, sannan shugaban makaranta ya yanke hukuncin ƙarshe. Wato wanda kuka ci abinci tare da rana, da yamma yana iya zama gabanka kana yi masa shari'a.

Kada ku ɗauka waliyyai ne. A 1951 an sallami ɗalibai kusan 90 saboda satar amsa, da yawansu 'yan wasan ƙwallon makarantar. A 1976 sama da 150 suka bar makarantar kan maguɗi a aikin darasin injiniyan lantarki da aka ba su su yi a ɗakunansu, har sai da aka naɗa ɗan sama jannati Frank Borman ya jagoranci bincike. A 2020, lokacin korona, an tuhumi 73 da maguɗi a jarrabawar lissafi ta intanet. Ku tambayi kanku: mutum ɗari za su yi maguɗi a ɓoye? Ai ba ya yiwuwa. Wasu sun gani, suka ce ba ruwansu. Shirunsu ne ya raini ɓarnar har ta girma.

Na san abin da za ku ce: mu an koya mana rufin asiri. Gaskiya ne, kuma hali ne mai kyau. Ka rufa wa ɗan uwanka asirin talaucinsa, ko wani tuntuɓe da ya yi tsakaninsa da Ubangijinsa. Amma wanda ya saci amsa ya danne haƙƙin wanda ya kwana karatu, kuma gobe shi za a miƙa wa rayukan 'ya'yan mutane. Hafsan da ya saba ƙarya a takarda, a fagen daga zai rubuta cewa harsashi ya isa alhali bai isa ba. Wa zai biya? Ƙaramin soja da uwarsa.

Ku kuma da aka ɗora wa shugabancin ɗalibai, ko na aji ne ko na ɗakin kwana, ku ji tsoron Allah. Kada ku sassauta wa ɗan garinku ku tsananta wa bare, kada ku mai da muƙami sandar ramuwa.

Ba kuma cewa nake ku zama 'yan kai tsegumi ba. A West Point ma ana son ɗalibi ya fara tunkarar wanda yake zargi ya nemi bayani, don wataƙila idonsa ne ya yaudare shi. Ka ja abokinka gefe, ka faɗa masa abin da ka gani, ka ba shi dama ya kai kansa. In ya ƙi, sanar da shi a gaban idonsa cewa kai za ka je.