Dabbar wasan ɗana da ranar da babu a Leeds

Ranar Asabar ɗana ya miƙo mini waya, wai in ga dabbar da ya kama a wasan waya na Pokémon. Sunanta Exeggutor, bishiyar kwakwa ce mai ƙafafu biyu da kawuna uku, gajera, mita 2 kacal. Sai ya nuna mini 'yar'uwarta wadda aka fito da ita a 2016, ta tsibiran Alola na cikin wasan, inda aka kwaikwayi Hawai. Wuya ne zalla har mita 10.9, kan ma bai shiga allon wayar ba, ga kai na huɗu a wutsiya. Na yi dariya har da hawaye.

Sai yaron ya ce, "Baba, mutanen Alola sun ce doguwar ita ce ta asali. Gajerar kuwa rana ce ba ta samu ba, kamar mu."

Dariyar ta tsaya.

Ku da ke gida ba za ku gane ba. A birnin Leeds na Ingila, a watan Disamba, kafin ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi. Ka yi la'asar, kafin ka naɗe darduma magariba ta shigo. Sama kamar tokar murhu, yayyafi ba ya tsayawa, mutane sun duƙunƙune cikin riguna kowa kansa a ƙasa. Har ƙwayar bitamin D ake sha a madadin rana. Ranar da muke gudu a gida, nan a kwalba ake saye.

In don adalci ne, gajerar ma ba banza ba ce. A wasan ita ke da ƙarfin ƙwaƙwalwa, kuma yaran nan akwai kaifin kai, ban musa ba. Amma Japanawan da suka zana abin nan sun san gaskiya. Kaba da goriba ai abu ɗaya ne, wanda aka bari ya sha rana shi ke miƙewa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da Turanci ya faɗi maganar. Na ce masa dabbar tasa giginya ce, na nesa ka sha inuwarta. Ya ce mece ce giginya? Shekararsa tara. Na ɗauki wayar ina neman hoto in nuna masa, shi kuma har ya koma kan wasansa.