Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna wurin da ya kunnu, bai ce nan ne tushen ciwon ba

Wani labari da na karanta ya ce hoton ƙwaƙwalwa ya gano tushen ciwon kan kulasta (wani matsanancin ciwon kai na gefe ɗaya da ke zuwa a jere a jere), to ni dai ina ganin an ɗan yi azarɓaɓi. Tun 1998 masu bincike Arne May da Peter Goadsby suka nuna da na'urar PET, mai ɗaukar hoton aikin ƙwaƙwalwa, cewa sashen baya na haifotalamos (wani ɗan wuri a ƙasan ƙwaƙwalwa) yana kunnuwa, wato aikinsa yana ƙaruwa, a ɓangaren da ciwon yake, kuma abin ya yi ma'ana, don a cikin haifotalamos agogon jiki yake, ana ganin shi ya sa ciwon kan tashi mutum kusan lokaci ɗaya kowane dare. Amma galibin sauran wuraren da ke haske a hoton, kowane irin zafi yana kunna su. Da aka yi wa masu lafiya allurar sinadarin yajin barkono a goshi, wuraren nan sun kunnu, haifotalamos kuwa shiru. Wannan shi ne abin lura, kuma marubucin ya tsallake shi. Ɗan'uwa da ka ce kowa ya je ya yi hoton ƙwaƙwalwa na MRI, yi haƙuri, ba hoto ke tabbatar da cutar ba, bayanin mara lafiya ne: zafi a bayan ido ɗaya na minti 15 zuwa 180, hawaye, toshewar hanci, mutum ya kasa zama sai kai-komo. Ana yin MRI ne don a tabbatar babu ƙari. To shin haifotalamos ke kunna ciwon, ko martani yake mayarwa bayan ya riga ya fara?