Gwamnatin da ke mayar wa mutum canjinsa

A ƙarshen Janairu wata 'yar takarda mai suna 1099-G ta iso min daga hukumar harajin jihar da nake zaune a Amurka. A jikinta an rubuta kuɗin da jihar ta mayar min bara, saboda abin da aka cire a albashina ya wuce ƙa'ida, kuma an aika wa IRS, hukumar harajin tarayya, irin wannan bayani. Wani ɗan'uwa Bakatsine ya samu tasa, ya kira ni hankali a tashe: "Malam, an ba mu da hannun dama za a karɓe da na hagu ke nan?"

Na ce masa ya kwantar da hankali. A nan mutum yana cike takardar haraji biyu kafin 15 ga Afrilu, ta tarayya da ta jiha, sai dai a jihohi irin Texas da Florida da ba sa karɓar harajin albashi. A ta tarayya akwai rangwame iri biyu: ko ka karɓi na bai-ɗaya da ake ba kowa, ko ka zauna ka lissafa abubuwan da ka kashe ɗaya bayan ɗaya a shafin Schedule A, har da harajin da ka biya jiha. Wanda ya karɓi na bai-ɗaya, kuma mafi yawanmu haka muke yi, tarayya ba ruwanta da abin da jiha ta mayar masa. Wanda ya lissafa ya ci moriyar rangwame a kan kuɗin da suka dawo aljihunsa, shi ne zai sa su cikin kuɗin shigarsa na shekarar da ya karɓa, shi ma gwargwadon moriyar da ya ci kawai. Wallahi ban ga zalunci a nan ba.

Tsarin yana da wahala, na yarda. Takardun suna rikita mutum, masu cike wa mutane kuma suna cin kuɗinsu. Amma gwamnati ce ta ƙirga, ta ga ta ci maka fiye da haƙƙinta, ta mayar, har ta rubuto shaida.

Abin da ke min ciwo shi ne yadda wasu 'yan'uwanmu a nan suke cewa mutanenmu ba su san biyan haraji ba. Mu da kakanninmu suka biya haraji da jangali har sai da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke su a Kano da Kaduna bayan zaɓen 1979? Ma'aikaci ana yanke masa tun kafin albashi ya shiga hannunsa. Mai tebur a kasuwa yana yankar tikiti kullum, mai Keke Napep ma haka, direban tirela kuwa ya biya a kowane shinge. Mahaifiyata ta yi shekaru tana sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ana karɓar na tebur ko ta yi ciniki ko ba ta yi ba, kuma ba wanda ya taɓa zama ya duba ko an karɓa fiye da kima, balle a nemo ta a mayar mata.