CRISPR na warkar da mai sikila, amma bai taɓa abin da zai gadar wa 'ya'yansa ba

Masu cewa CRISPR, wato kayan aikin gyaran DNA, zai kawar da cututtukan gado daga doron ƙasa sun yi gaggawa.

DNA ɗin ɗan Adam rubutu ne da haruffa huɗu, A, T, G da C, jere kusan biliyan 3. Kayan aikin CRISPR da masana kimiyya Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka bayyana a 2012 abu biyu ne: ɗan jagora na RNA mai haruffa 20 da ke laluben inda ya dace da shi, da almakashin Cas9 da ke datse igiyoyin DNA biyun a wurin. Ƙwayar halittar ce ke ɗinke ɓarakar da kanta, kuma ɗinkin gaggawa take yi, takan zubar da harafi ko ta ƙara. Shi ya sa lalata umarni ya fi gyara shi sauƙi nesa ba kusa ba.

Dubi sikila. Harafi ɗaya ne ya sauya, GAG ta koma GTG. Amma Casgevy, maganin sikila na CRISPR da Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, ko kallon wannan harafin bai yi ba. Makunnin BCL11A yake ɓatawa, wanda ke tsayar da himogulobin (sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini) irin na jarirai bayan haihuwa, sai jiki ya koma yin sa, ƙwayoyin jini su daina lanƙwashewa kamar lauje.

Hanyar fa ba wasa ba ce. A tatso ƙwayoyin da ke haifar da jini, a gyara su a ɗakin gwaji, a ba majiyyaci busulfan, wani maganin kansa mai ƙarfi, ya kashe tsohon ɓargonsa, sannan a mayar masa da gyararrun, ya yi makonni kwance a asibiti garkuwar jikinsa a ƙasa. Busulfan ɗin nan na iya hana haihuwa. Almakashin ma yakan yanka inda ya yi kama da wurin da aka aike shi. Kuɗin da aka sa masa a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne.

Duk wannan a ɓargo ya tsaya. Maniyyi da ƙwan mace suna nan yadda suke, wanda ya warke zai gadar da S ɗinsa. Riga-kafin gaske da CRISPR sai an taɓa ɗan tayi, abin da masanin kimiyya He Jiankui ya yi wa tagwaye a China a 2018, ya sha ɗaurin shekara 3. A ganina hukuncin ya dace, domin kuskuren yanka a ɗan tayi har jikoki zai bi, kuma ba wanda ya nemi izininsu.