Ɗacin darbejiya ba shi ne ƙarfinta ba

Jama'a, duk titin da mutum ya bi a Marwa ko Garwa inuwar darbejiya ce ke rufe shi, wadda wasu ke kira dogon yaro. Idan 'ya'yanta suka nuna suka zuba, sai a share su da tsintsiya a kai bola, sannan a tafi kasuwa a sayo maganin feshi da tsada. Wanda kuma ya ce zai gwada ta, ganye yake tsinkowa ya tafasa ya fesa wa wake, bayan kwana biyu ya ce ƙarya ce. A ganina laifin na haɗi ne, domin yawancinmu ba mu san abin da muke nema a cikin itacen ba.

Sinadarin da ke yi wa ƙwari illa sunansa azadiraktin. A 1959 wani masani Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya lura a Sudan cewa fara ta cinye duk wani kore ta bar darbejiya tsaye. A 1968 aka ware sinadarin daga irinta a Ingila, kuma tsarinsa na da sarƙaƙiya har sai 2007 aka iya ƙera shi a ɗakin gwaji, bayan aikin shekara 22. Matattararsa ƙwayar da ke cikin ƙwallon ce, kuma ko a can 'yan miligiram ne a kowane giram. Abin da ke cikin ganye bai taka kara ya karya ba. Ga kuma inda ake ruɗewa: ɗacin da harshe ke ji ya fito ne daga sinadarai da yawa 'yan dangi ɗaya, irin su nimbin. Tafasa ba ta kawar da ɗacin, amma tana lalata azadiraktin. Sai ka samu ruwa mai ɗaci kamar maɗaci, tsutsa kuwa tana kiwonta hankali kwance.

Azadiraktin ba ya kashe ƙwaro nan take. Da farko yana toshe masa sha'awar ci. Wanda ya ci kuma, sinadarin na dagula ekdison, wato abin da ke ba tsutsa umarnin yin saɓa idan ta girma. Sai ta maƙale a tsohuwar fatarta, ko ta fito da nakasa, ta mutu cikin kwanaki. Saboda haka manomin da ya saba ganin ƙwari na zuba ƙasa bayan feshi zai ɗauka bai yi komai ba. Sabon ganye za ka duba bayan kwana huɗu ko biyar: an ci gaba da huda shi ko an daina?

Ga haɗin da ke aiki. A tattara 'ya'yan da suka nuna suka yi rawaya, a murje naman a wanke tun ranar. A shanya a inuwa mai iska har su bushe ƙayau, a zuba a kwando ko buhun da iska ke ratsawa. Leda na tara gumi, gumi na kawo fumfuna, fumfuna kuma na cin sinadarin, wani lokaci ta bar gubar aflatoksin. A fasa ɓawon a sheƙe, a daka ƙwayar a turmin da ba na abinci ba. Giram 50 a kowace lita, wato giram 750 ga famfon goyo mai lita 15. A jiƙa a ruwan sanyi da yamma a bar shi ya kwana, awa 12 ta isa. A tace da ƙyalle mai laushi sau biyu, in ba haka ba dusar za ta toshe bakin famfo. A narka sabulu ɗan kaɗan, kamar giram ɗaya a lita, don ruwan ya kama ganye. Kada a cika sabulun, kada kuma a sa toka ko kanwa, domin ruwa mai kanwa-kanwa na wargaza azadiraktin.

Lokacin feshi shi ne yamma liƙis. Hasken rana na karya sinadarin, ranar Kusiri ko Njamena kuwa ba ta wasa. Da yamma zuma ma sun koma gida. A jiƙa ƙasan ganye, nan ƙwari ke ɓuya. A masara, tsutsar nan da ta shigo Afirka a 2016 tana zama ne a cikin zuciyar shuka inda sabon ganye ke fitowa, can za a kai bakin famfo. A maimaita duk mako, da kuma bayan ruwan sama mai ƙarfi. Abin da ya rage kada a ajiye, ya riga ya fara ruɓa, kuma kada a zubar da shi a tafkin kifi. Ƙananan tsutsotsi haɗin yake kamawa da kyau. Idan sun riga sun ƙosa sun cika gona, an makara.

Man da ake tatsa daga ƙwayar yana tsare wake daga ƙwaro: mililita 2 zuwa 3 a kowane kilo, a cuɗa har kowace ƙwaya ta yi sheƙi, man ya rufe ƙwan ƙwaron. Ya fi dacewa da waken iri, don yana barin ɗaci. Waken ci kuwa gara a sa shi a buhu mai ninki uku da ke hana iska shiga, dabarar da ta samo tushe a Marwa, a aikin haɗin gwiwar masu binciken noma na Kamaru da Jami'ar Purdue ta Amurka.

Sai magana mai nauyi, ga iyaye mata da kakanni. Abin da ke hana tsutsa girma ba ruwan sha ba ne don kawai daga itace ya fito. Zaƙami ma tsiro ne, zurma ma haka. Likitoci a Malesiya da Indiya sun rubuta labarin jarirai da aka ɗura wa man darbejiya cokali ɗaya ko biyu: cikin sa'o'i amai ya taso, sai barci mai nauyi, numfashi sama-sama, jijjiga, jini ya yi tsami, ƙwaƙwalwa ta kumbura. Wasu sun rasu. Hantar jariri ba ta kai ta sarrafa wannan mai ba. Mai juna biyu ma ta nisance shi, domin gwajin dabbobi ya nuna yana taɓa haihuwa. Zazzaɓin cizon sauro kuwa, gwaji za a yi a sha magani cikakke. Maganin da ake bayarwa a asibiti shi ma daga tsiro aka ciro shi, artemisinin da masaniya Tu Youyou ta ware a ƙasar Sin a 1972, sai dai shi an auna shi, an san miligiram nawa ke cikin ƙwaya da nawa ya dace da nauyin yaro. Kofin tafasasshen ganye babu wanda ya san abin da ke cikinsa, har wadda ta dafa shi.

Kwalbar man kuwa a rubuta mata suna, a ɗaga ta sama inda hannun yara ba ya kai, nesa da man gyaɗa.