Kai da Stockfish a minti ɗaya? Haba malam

Wallahi tun jiya abin nan yake ci min rai. Kun dai ga abin da mutumin namu ya turo a guruf, ya sha kashi wajen sau ashirin a jere a hannun Stockfish, manhajar kwamfutar nan mai buga wasan ches, duk wasan minti ɗaya babu ƙarin ko sakan, sannan ya dawo yana rantse-rantse wai kwamfuta magudi take yi. Magudin me? Kai fa ka saita agogon da ɗan yatsanka.

Agogon nan naka ne, ba na inji ba. Inji ba ya buƙatar lokaci, kafin ka ɗage yatsa daga sikirin ya riga ya mayar maka da martani, kai kuma sai ka ji kamar kunya ce ka tsaya tunani, sai ka biye masa, tak tak tak, sai ga sarauniyarka a bakin doki kana salati. Ni ma na yi wannan haukan wata da watanni shi ya sa nake magana, ba abin da na ƙaru da shi sai zafin waya da ciwon wuya.

Ku duba fa. Kasparov a 1997, zakaran duniya, da awanni a agogonsa, Deep Blue ta doke shi 3½ da 2½ a New York, injin da ke duba matsayi wajen miliyan 200 a sakan guda. Kramnik, shi ma zakaran duniya, a 2006 ya zauna da wani injin mai suna Deep Fritz, lokacinsa na nan bai ƙare ba, amma ya kasa ganin za a kashe masa sarki da motsi ɗaya tak. Wannan fa kusan shekara ashirin ke nan, wanda ke cikin wayarka yanzu ya fi su nesa ba kusa ba. Amma kai gwanin gwanaye sakan 60 ya ishe ka. Sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira.

Wai saurin yana koya wa hannu. Koya masa me, jefar da sojoji? Wani kuma ya ce ba shi da lokaci, to wasa ashirin na minti ɗaya-ɗaya ba lokaci ba ne? Da ka haɗa su ka buga guda ɗaya mai 15+10, wato minti 15 da ƙarin sakan 10 duk motsi, irin agogon da Bobby Fischer, tsohon zakaran ches na duniya, ya fito da shi, ai da ka tashi da wani abu a kanka. A Lichess, shafin buga ches a intanet, ma kana iya cire agogon gaba ɗaya in da kwamfuta za ka buga, matakan ƙarfin injin takwas ne, sauka na uku ko na huɗu ba wanda zai gaya wa surukanka.

Tsakani da Allah ba wulaƙanci nake ba, tausayi ne. Amfanin buga ches da inji kawai shi ne ba ya gajiya da jiranka, ba ya tsaki, ba ya ce maka malam yi sauri. Ka tashi ka yi la'asar ka dawo yana nan inda ka bar shi. Abokin wasa mai irin wannan haƙurin ka samu kyauta, sai ka ɗaura wa kanka agogo a wuya kana tsere da shi.

Ni abin ma ya tuna min tsofaffin da ke dara a gindin dalbejiyar unguwarmu, gurbi 30 a ƙasa, kowa da 'ya'yansa 12, wani kara wani tsakuwa. Akwai wani baba da sai ya gama ɓare goronsa tsaf kafin ya taɓa ɗa guda, 'yan kallo na ta surutu ko a jikinsa. Tun da aka sare bishiyar aka kafa shagon cajin waya a wurin ban san inda suka koma ba, wanda ya sani don Allah ya faɗa min.