Yaron warsha da makwancinsa

A Gadarif, a gabashin Sudan, na ga wani yaro da bai wuce shekara 16 ba yana naɗe tabarma daga gefen wata raksha (keke mai ƙafa uku) da ake gyara a warsha, wato garejin kanikawa. Nan ya kwana. Baƙin mai ya ɓata bakin tabarmar, ledar da ke rataye a ƙusa kuwa ita ce akwatinsa. Daga Wad Madani ya gudo lokacin da dakarun RSF, masu yaƙi da sojojin Sudan, suka shiga garin a Disambar 2023, wani usta Bahaushe, wato maigidan sana'a, ya karɓe shi yana koya masa kanikanci.

Ustan ya kyauta, ba na musu. Sai dai abincin yaron a hannunsa yake, kuɗin shayi a hannunsa, makwanci ma a warsharsa. Ranar da suka saɓa kan sifana ɗaya da ta ɓace, ko mai wurin ya ƙara haya aka rufe, yaro ya rasa sana'a da wurin kwana a yini ɗaya.

A da irin wannan yaro zauren kawunsa zai koma. Yanzu wane zaure ne bai cika ba? Tun rikicin jihar Blue Nile na Yulin 2022 gidajen Hausawa ke karɓar 'yan uwa, sai yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya ƙaro wasu, haya kuma ta fi ƙarfin talaka. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, taimakon masu gudun hijira galibi gida-gida ake rabonsa. Yaron da ke kwana cikin ƙarafa ba ya cikin lissafin kowa, har sai an gan shi a tasha tare da yaran titi da ake kira shamasa.

Sudan na da dokar koyar da sana'a tun 2001, amma yawancin yaranmu da baki ake damƙa su, babu takarda. To, bakin ya faɗi abin da ya kamata mana. Duk uban da zai kai ɗansa koyo, ya tafi da liman ko sarkin Hausawan unguwa, a fayyace inda yaro zai kwana, a kuma yarda cewa ko an rabu, yana da wata guda kafin ya tashi. Hukumar zakka kuwa ta kama ɗaki biyu ko uku kusa da unguwar masu gyara, a sa dattijo ɗaya ya riƙe makulli, yana duba wanda bai dawo ba bayan isha'i.